Sabon shagon shayi da caji na bakin tasha: aiki na kyau, amma littafin bashin nan ya dame ni

Masu ta tambayata akan shagon da yaran nan suka buɗe a bakin tashar garinmu, kan titin da ke zuwa Gujungu, toh ga abinda na gani. Kwantena ce aka yi mata rumfar kwano a gaba da bencina, teburin shayi da indomi a ƙofa, POS a gefe, can ciki kuma allon caji da firji da talabijin ta kallon ƙwallo. Duk abinda saurayi ke nema da yamma an tara masa a waje ɗaya.

Cajin waya dai ban ga kamarsu ba a yankin nan. Sola suka saka, kuma kowa ya san tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu caji da janareto suka shiga uku, wasu sun ninka kuɗi wasu sun rufe gaba ɗaya. Su waɗannan daga safe har dare akwai wuta. Kana miƙa waya yaron zai manna mata lamba da salatif a baya, ya baka ɗan katin kwali mai irin lambar, in ba katin nan ko ɗan uwanka ka aiko ba za a bashi ba, kuma in ya ga batirinka ya kumbura zai faɗa maka tun kafin ya jona. Wannan tsarin ya burge ni wallahi, don rigimar musayar waya da ɓatan memori ba ƙaramin ɓata zumunci take a ƙauye ba.

Indomin ma ba laifi. Mai shayin baya bari ta dahu ta yi laɓo-laɓo, yana tsane ruwan sannan ya juye ta a kaskon da ya riga ya soya albasa da attaruhu, ya fasa ƙwai a kai, wanda ke da hali a ƙara masa kifin gwangwani. Yana wanke kasko tsakanin mutum da mutum, abinda masu shayi da yawa basa yi. Shayin ne dai suga ya yi yawa, in baka ce a rage ba sai ka sha kamar zuma. POS ɗinsu ɗari ne a dubu biyar lokacin da na je, saidai ranar Lahadi da ake cin kasuwar Gujungu kafin azahar kash ya ƙare, sai kaji ana cewa sai dai taransfa.

Taransfa ɗin nan kuwa ita ce ta kawo ni inda nake son in daɗe. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kusan kowane yaro a garin nan ya buɗe OPay ko Moniepoint ko PalmPay, har dattawa sun koyi jiran alat. Abu ne mai amfani, ba wanda zai musa. Amma ka zauna a bencin nan bayan isha'i ka kalli yadda kuɗi ke fita, yaro ya wuni a rana yana ƙwadagon yankan riɗi ko ya wuni a kan babur yana haya, an biya shi, ya zo ya zauna, indomi babba da ƙwai biyu, Fearless ko Predator mai sanyi, caji, sannan a saka masa data ta kwana ɗaya don kallon TikTok, data ɗin ma da ta ƙara tsada tunda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, duk wannan da danna waya sau uku ya gama, bai ƙirga ko naira ɗaya da hannunsa ba balle yaji zafin fitarta. Gobe ya tashi aljihu wayam ya koma neman wani ƙwadagon.

In kuɗin sun ƙare kuma ga littafi. Wani dogon littafi ne mai baƙin bango a ƙarƙashin teburin POS, kowa da shafinsa, "rubuta min sai kaka" ita ce maganar da nafi ji a wajen. Bashin taki ko na iri mun saba dashi, ana ci don a noma. Wannan bashin indomi ne da lemo. Riɗin da yaro bai ma yanke ba ya riga ya cinye rabinsa a benci, kuma shi ne zakaji yana cewa bana yake son a kai masa kuɗin gaisuwa. Na yi wa mai shagon magana, nace ƙanena ka sa iyaka mana, kowa kar ya wuce wani adadi, yace Yaya in na hana su wani shagon zasu koma. Na gane uzurinsa amma ban yarda dashi ba, shi ma jarinsa ne ke kwance a littafin.

Sai lemukan ƙarin kuzarin nan, su Fearless da Predator. Akwai sinadarin kafeyin mai hana bacci a cikinsu, yaro ya sha gwangwani ko roba ɗaya ƙarfe goma na dare yana kallon Firimiya, ina bacci zai zo, asuba ta wuce shi, gona sai rana ta take. Iyaye mata ma suna ƙorafi tuwo na kwana a kwano ba wanda ya taɓa.

Abinda yafi bani takaici, ka buɗe firjin nan kaf ba zobo, ba kunun aya, ba fura da nono. Mu da muke noma zobon da ake lodawa a tirela ana fita dashi ƙasashen waje, ga gero a rumbu, ga Fulani a bayan gari da nono kullum safiya. Matan unguwa da yawa sun iya haɗa zobo da citta da kanumfari mai daɗin gaske, da za a riƙa karɓa a wajensu ana sanyayawa, da kuɗin ya zaga cikin gari, kuma na tabbata da zafin nan yara zasu siya. Na faɗa wa mai shagon, ya ce zai gwada, ina nan ina jira.

Ledojin indomi da robobi kuma sun fara taruwa a kwatar bayan kwantenar, awaki na ci, ya kamata a aje buhu ko durom.

Wanda zai je don caji ya kai waya da safe, kafin la'asar allon ya cika. Mai son cin indomi a natse yaje tsakanin magariba da isha'i, ranar da ake ƙwallo kuwa ko wajen zama ba zaka samu ba. In zaka ciri kuɗi masu ɗan yawa kar ka bari sai Lahadi.