Sharhi kan The Archers: yadda mutuwa ke shiga ƙauyen Ambridge

Tun ranar 1 ga Janairun 1951 tashar BBC ke watsa wasan kwaikwayon rediyo na The Archers a faɗin Birtaniya, kuma har yanzu yana fita kwana shida a mako a Radio 4, kowane kashi bai cika minti goma sha biyar ba. Labarin manoma ne a wani ƙagaggen ƙauye mai suna Ambridge, kuma babu abin da ke raba kan masu sauraro kamar rasuwar ɗaya daga cikin mutanen ƙauyen.

A ganina shirin ya fi ƙwarewa idan ya bar ajali ya zo yadda yake zuwa a gidajen mutane. A 2018 ƙusa mai tsatsa ta karci Nic Grundy, ta ɗauka ƙaramin abu ne, ashe ƙwayoyin cuta sun shiga jininta, cikin 'yan kwanaki ta cika a asibiti ta bar miji da ƙananan yara. Tsoho Joe Grundy, kakan mijinta, yana gefen gadonta yana yi mata magana a hankali, kuma da yake rediyo ne, numfashinta da rawar muryarsa kaɗai suka isar da komai. Haka ma da Norman Painting, wanda ya fito a matsayin Phil Archer kusan shekara sittin, ya rasu a 2009, marubuta ba su yi gaggawa ba, sai a 2010 Jill, matar Phil, ta dawo gida ta tarar da shi ya cika a kan kujerarsa.

Inda nake goyon bayan masu ƙorafi kan yadda shirin ke kashe mutanensa shi ne mutuwar Nigel Pargetter a ranar 2 ga Janairun 2011, lokacin bikin cikar shirin shekara sittin. Ya hau rufin gidansa na Lower Loxley cikin dare da iska domin ya cire ƙyallen sabuwar shekara, ya zame ya faɗo da doguwar ƙara. An sadaukar da mutumin kirki mai raha domin bikin ya yi armashi, kuma wannan ya yi kama da abin da aka yi a 1955, lokacin da Grace Archer, matar Phil ta farko, ta rasu sakamakon gobarar bargar dawaki a daren da tashar talabijin ta ITV ta fara aiki.

Duk da haka ina ba mai jin Turanci shawarar ya fara da shirin ranar Lahadi, wanda ke haɗa shirye-shiryen mako gaba ɗaya, domin ta nan ne ake saurin gane muryoyi da dangantakar gidaje.