Tukunyar naitirojin ko kwamfiresa: wanne ya dace da motar da ke kan jakar iska?

Wanda ya cire sifirin ya sa jakunkunan iska masu ɗaga mota da sauke ta a madadinsu, tambayar da ke jiransa ita ce daga ina iskar za ta riƙa zuwa. Masu gyaran mota don ƙawa a Amurka, musamman a Kalifoniya inda ake gasar tsalle da mota, sun daɗe suna ɗaura tukunyar naitirojin a but, kuma daga wurinsu dabarar ta bazu. Sai dai abin da ya dace da filin gasa ba lallai ya dace da motar zuwa aiki ba.

Mu fara da tukunyar. Ana cika ta da matsi mai tsanani, daga psi (ma'aunin matsin iska) 2,000 zuwa kusan 3,000, alhali tiyo da bawul na irin wannan tsari yawanci a kan psi 150 zuwa 200 suke aiki. Dole ke nan a sa regileta mai rage matsin, a bi bayanta da bawul mai sakin iska in ta yi yawa. Idan regileta ta lalace babu wannan bawul, tiyo ko jakar ne za su fashe. Amfaninta a fili yake. Ba ƙara, ba jira, ba ta taɓa batir. Ka danna maɓalli, mota ta miƙe nan take. Iskar kuma busasshiya ce, ba ta tara ruwa a tanki balle tsatsa ta ci bawul.

Matsalar ita ce tana ƙarewa. Tukunya mai lita 10 da aka cika zuwa kusan psi 2,900 tana ɗauke da iska kimanin lita 2,000. Mu ƙaddara kowace ɗagawa tana cin lita 50: kafin ka ɗaga sau 40 ta yi ƙasa. Duk lokacin da ka sauke motar, waje iskar take fita, ba ta komawa tukunya. In kuwa akwai ɗan yoyo a mahaɗar tiyo, cikin dare zai shanye maka ita, gari ya waye mota na kwance a kan taya. Don haka kafin ka tambayi kuɗin tukunya, tambayi inda za a riƙa cika maka ita. Injin naitirojin na masu faci bai isa ba, don matsin taya aka yi shi. Sai masu sayar da gas na masana'antu, irin waɗanda masu gyaran AC ke saye a wurinsu.

Kwamfiresa mai aiki da batir, kamar Viair 444C da ta yi suna, tana kai psi 200, ana haɗa ta da tanki mai galan 5, wato kusan lita 19. Tana da ƙara, tana ɗaukar mintoci kafin ta cika tanki, guda ɗaya kuma tana jan wuta sama da amfiya 20, saboda haka sai da waya mai kauri da fiyus na kirki. Tana kuma tara ruwa, domin iskar da take zuƙa akwai danshi a ciki. Buɗe ɗan famfon da ke gindin tanki da damina, za ka ga ruwa ja-ja yana feshi a hannunka. Maganinsa matatar ruwa da yawan tsiyaye tankin. Amma iskarta kyauta ce, ba ta yankewa ko kana tsakiyar daji. Ai shi ya sa Range Rover da Mercedes mai Airmatic, wato tsarinta na jakar iska, dukkansu da kwamfiresa suke fitowa daga kamfani. Masu cewa naitirojin ya fi laushin tafiya kuwa, a tuna musu kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne. Bambancin a danshi yake kawai.

Akwai mai cewa a sa tukunyar CO2, wato iskar kabon dayoksaid, tun da ta fi ɗaukar iska saboda gas ɗin ruwa-ruwa yake a ciki. Gaskiya ne, amma regileta kan daskare in an ja da yawa, kuma matsinta yana hawa sosai da zafi. A but ɗin motar da ta wuni a ranar Sakkwato ko Maiduguri, ni dai ba zan yarda da ita ba.

Abin da ba a ko kusantarsa shi ne tukunyar oksijin ta masu walda. Ta fi sauƙin samu, kamanninsu ɗaya, wani ma zai ce maka ai duk iska ce. Oksijin mai matsi in ya haɗu da maiƙo ko roba, gobara ce ko fashewa.

A ganina, motar hawan yau da kullum kwamfiresa ce tata, biyu ma in aljihu ya yarda, don in ɗaya ta ƙone ɗayar ta kai ka gida. Tukunyar naitirojin ta motar gasa ce, ko kuma a ajiye ƙarama a matsayin ko-ta-kwana. In ka yanke shawarar saye, duba ranar gwajin ƙarshe da aka buga a wuyan tukunyar, galibi bayan shekara biyar ake sake shi. A ɗaure ta da ƙarfe a jikin mota, kanta yana da kariya, don in bawul ya karye a haɗari tukunyar gaba ɗaya za ta harba. Kada kuma a ajiye ta inda mutane ke zama: naitirojin ba shi da wari, in ya yi yoyo a rufaffiyar mota zai kore iskar numfashi ba wanda ya ankara.