Kujera mai taya ɗaya ko mai sarƙa: wacce za ta kai ƙaninka can cikin daji?

Malam, ka ce ƙaninka ya ji rauni a lakar ƙashin baya, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma ransa na kan wani tafki da ke can tsakanin tsaunuka, inda mota ba ta zuwa. Kana tambaya wacce ta fi, kujerar da mutane ke ja ko mai batir. Allah ya ƙara masa sauƙi. Kafin komai ka binciko inda turbar ta fi matsewa, don nan ne zai raba gardama.

Ta farko taya ɗaya gare ta a ƙarƙashin mazauni, kamar baro, da mariƙai gaba da baya. Iri biyu suka yi suna. Akwai Joëlette, wadda Joël Claudel ya ƙera a Faransa a 1987 saboda wani yaro cikin danginsa mai ciwon da ke cinye tsoka. Akwai TrailRider ta Kanada, wadda ta fito ta hannun ƙungiyar Sam Sullivan, mutumin da ya karya wuya a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara yana da shekara 19, daga baya ya zama magajin garin Vancouver a 2005. An hau Kilimanjaro da ita, an kai ta sansanin gindin Everest.

Na gaba shi ke ja yana zaɓar inda tayar za ta taka, na baya yana riƙe da birki yana hana kujerar karkacewa. Idan an daidaita mazaunin, nauyin mutum kan tayar yake sauka, hannu bai cika jin jiki ba. Kujerar ba ta kai kilo 30 ba, ana naɗe ta, in an tarar da icce ya faɗi ya tare hanya sai a ciccibe ta a ƙetare. Tsadarta mutane ne. Biyu za su iya tafiyar da ita a fili, amma tafiya mai nisa tana son huɗu ko biyar masu karɓar juna, da igiya ta hawa. Gangara ta fi hawa haɗari, a nan ne gwiwar na baya ke rawa, don haka a sa wanda ya fi ƙarfi da natsuwa.

Ta biyu, irin su Action Trackchair ta Amurka, sarƙar roba gare ta irin ta tankar yaƙi, kuma mai ita ke tuƙa abarsa da yatsu. Kada ka raina wannan. Mutumin da kullum sai an tura shi, ranar da ya ga tsuntsu ya juya da kansa ya bi shi, wani farin ciki ne daban. Tana cin yashi, taɓo da dusar ƙanƙara. Sai dai faɗinta ya kusa mita ɗaya, nauyinta ya haura kilo 150, hawa da sanyi suna saurin shanye batir, turba mai karkata gefe kuma na iya kifar da ita. Idan caji ya ƙare a ƙungurmin daji ba mai iya ɗauko ta. Gandun Staunton da ke Kolorado yana ba da aronta tun 2017, amma a zaɓaɓɓun hanyoyi, tare da ɗan rakiya.

Ku kuma tambayi jami'an gandun. A Amurka dokar 1964 ta hana injina shiga dazuzzukan da aka keɓe, dokar naƙasassu ta 1990 ta cire keken guragu daga wannan hani, da sharaɗin ya zama irin wanda za a iya shiga cikin gini da shi. Ba kowace mai sarƙa ke cika wannan sharaɗi ba.

Doki ko alfadari sai ga wanda zai iya riƙe ƙugunsa a kan sirdi.

Ni dai, in turbar siririya ce mai duwatsu, mai taya ɗaya zan ce ku nema. Mai batir ta gajeriyar hanya ce mai faɗi. Amma ka zaunar da shi ka ji ta bakinsa, wataƙila tuƙin kansa ya fi masa tafkin.

Ko wacce kuka ɗauka, jikinsa ne abin lura. Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ba zai san fata ta fara gogewa ba, gyambon kwana ɗaya kuwa kan kwantar da mutum watanni. Ku tafi da matashin da ya saba zama a kai, ku riƙa tsayawa duk rabin awa ya sauya zama, a duba ɗuwawu da diddige. Ku masu ja kuna zufa, shi yana zaune sanyi na shigarsa, raunin laka kuma na hana jiki daidaita zafi, don haka bargo da rigar ruwa su kasance a kusa. A shirya maganar kewayawa tun daga gida, da shi da wanda ya yarda ya taimaka masa. A ɗauki kayan faci da famfo, a fara gwaji a hanyar awa ɗaya, likitansa kuma ya san da tafiyar.