Tsakanin dmesg da journalctl: Wanne Gwaji Zai Dogara da Shi?

Malam, ka ce gwajinka yana neman layin nan mai ɗauke da "Linux version" a cikin abin da dmesg ya fitar, sai ya wuce a wata na'ura ya faɗi a wata, kuma kana tambaya ko komawa ga journalctl, wani umarnin karanta saƙonnin na'urar Linux, zai raba ka da matsalar. Zai raba ka da mafi yawanta, amma akwai wuri guda da su biyun suke yin tuntuɓe tare.

Shi dmesg ba ya adana komai, leƙawa kawai yake yi cikin rumbun da kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya keɓe wa saƙonninsa a ƙwaƙwalwar na'ura. Rumbun nan ƙarami ne, kilobait 128 a tsarin asali, ko da yake wasu masu rarraba Linux suna ninka shi, kuma da zarar ya cika sai sabon saƙo ya hau kan mafi tsufa. Layin da kake nema yana cikin na farkon da kanel ke rubutawa, don haka shi ne yake fara shafewa, musamman a na'urar da ta kwana a kunne wani direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashen na'ura, yana ta surutu. Haka nan idan wani gwaji da ya riga naka ya yi amfani da dmesg -c, mai share rumbun bayan karantawa, to ya share maka fage tun kafin ka iso, kuma wannan ne zan fara bincikawa da ni ne kai.

Shi kuwa journalctl -k, mai nuna saƙonnin kanel kaɗai, kwafi yake karantawa. Tun farkon tashin na'ura journald, manhajar da ke tattara saƙonnin da journalctl ke karantawa, yake kwashe saƙonnin daga /dev/kmsg, ƙofar rumbun kanel, zuwa /run/log/journal, sannan a mayar da su /var/log/journal idan wurin yana nan, saboda haka cikar rumbu daga baya ko sharewar dmesg ba ta taɓa su. Idan babu wurin, komai yana zaune a ƙwaƙwalwa ne, inda aka ƙayyade masa kashi 10 cikin 100 na /run, kuma tsofaffin saƙonni ne ake fara zubarwa idan wuri ya ƙure.

Inda suke haɗuwa shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin tashin kanel da farawar journald. Idan rumbun ya cika ya zagayo a wannan tsakani, abin da yakan faru idan an kunna saƙonnin binciken kurakurai, to babu abin da za a kwafa, kuma journald yakan bar shaida da layi mai cewa "/dev/kmsg buffer overrun, some messages lost". Sauya umarni ba zai yi komai a nan ba, sai dai a faɗaɗa rumbun da log_buf_len=4M a layin umarnin kanel cikin GRUB, manhajar da ke tayar da kanel.

Fayil ɗin /var/log/messages kuwa ban ba ka shawarar jingina da shi ba, domin rsyslog, manhajar da ke rubuta shi, yana makara wajen tashi, logrotate, mai sauya fayilolin saƙonni lokaci-lokaci, yana kawar da tsohon fayil, kuma Debian 12 ta 2023 ba ta ma girka rsyslog da kanta.

A ganina ka mayar da gwajin kan journalctl -k, ka ƙirƙiri /var/log/journal a na'urorin gwajin, ka ƙara girman rumbun, sannan bayan ka sake kunna na'urar ka duba /proc/cmdline don ka tabbatar kanel ya karɓi sabon girman.