Garejin da ya gano ciwon Golf ɗina a Katsina

Golf 5 ce mai injin 2.0 turbo, ƙirar 2007. A cikin gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, lafiyarta ƙalau. Amma da na hau hanyar Daura na taka totur zan wuce tirela, sai ta fizga sau biyu, ta shaƙe kamar an riƙe mata wuya, wutar gargaɗi ta kama a dashbod. Ranar da ta yi min haka gab da Mashi, da iyali a ciki, na san wasa ya ƙare.

Makanikai biyu sun riga sun ci kuɗina. Na farko ya sauya fulogi huɗu da kwayil. Na biyu ya rantse man 'yan bumburutu ne ya toshe nozul, aka wanke, aka sauke tanki, ba abin da ya canza. Shi ne ya fara min zancen sayen sabuwar turbo.

Wani abokin aikina ya tura ni wurin wani matashi da ke da gareji wajen Ƙofar Ƙwaya. Abin da ya fara burge ni, bai ɗauki sifana ba sai da ya jona kwamfuta. Lamba ta fito, P0087, wato ƙarfin turin mai ya gaza a bututun da ke ciyar da nozul. Ya ce, "Alhaji, wannan lambar ta faɗi akwai ciwo ne kawai, ba ta faɗi inda yake ba. Mu hau titi."

Na tuƙa, shi yana gefe da kwamfutar a cinya. A nan na koyi cewa motar famfon mai biyu gare ta. Na cikin tanki yana turo mai da ƙarfin ba (bar, ma'aunin ƙarfin turi) 4 zuwa 6, na kan injin kuma, wanda kamshaf (sandar da ke juyawa tana buɗe bawul ɗin injin) ke bugawa, shi ke ɗaga shi har ba 110 idan an taka sosai. Mota na tsaye mai kaɗan take sha, don haka laifin ba ya fitowa. Sai turbo ta cusa iska da yawa injin ya nemi mai daidai da ita, a nan asiri ke tonuwa. Da idona na ga layi biyu a allon: abin da injin ke nema yana sama, abin da yake samu ya rikito ƙasa. Na tanki kuwa bai motsa ba, ashe sauke tankin nan wahalar banza aka yi.

Da muka koma ya jira injin ya huce, ya rage ƙarfin man da ke bututu, sannan ya kwance famfon sama. Ya zaro wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, bai fi murfin kwalba ba, da ke zama tsakanin kamshaf da famfon. Baƙin rufin da ke kansa ya goge tas, tsakiyarsa ta huje har na hango haske ta ciki. Bakin famfon ma ya cinye. Ya haska kamshaf da fitilar waya, ya shafa da yatsa, ya ce Allah Ya rufa asiri, da na ƙara wata guda da shi ma ya tafi. Ya tambayi baƙin man da nake zubawa. Na faɗa masa, ya yi dariya kawai, ya rubuta min 5W-40 mai lambar ingancin Volkswagen, VW 502 00.

Babban aibinsa jira ne. Ya ce in dawo bayan Azahar, sai da aka kira Magariba. Kayan ma daga Kano aka kawo, kwana uku ina hawa a-daidaita-sahu. Wurin ba inuwar kirki, benci ɗaya ne, kuma kuɗin awo kaɗai ya kusa na fulogin da na yi asara. Na yi ƙorafi a lokacin, yanzu na janye.

Sati uku ke nan, na je Daura sau biyu, wutar ba ta sake kamawa ba. Tsohon ƙoƙon yana aljihun ƙofar mota, ya ce in riƙa kawo ta ya duba sabon duk bayan juyen baƙin mai biyu.