Mujallar kafintoci da na biya wa kuɗin shekara a Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da yaran shago. A gaida min Inna da kyau, a ce mata jikokinta suna tambayarta kullum.

Ka tambaye ni a waya ko har yanzu ina taɓa katako, ko aikin sito ya cinye ni. Ina taɓawa. Garejin gidan da muke haya a nan Kolombas, jihar Ohayo, na mai da shi ɗan shago, Asabar da Lahadi can nake wuni in sanyi bai kore ni ba. Abin da ya kai ni ga mujallu kuwa wani teburin cin abinci ne da na yi wa maman yara.

A watan Agusta na yi shi, lokacin da iskar garin nan take da laima kamar tsakiyar daminarmu. Na haɗa allunan saman da gam, na ɗaure su tamau a jikin firam da sukurori, yadda ka koya min. Da Janairu ya zo, na'urar ɗumama gida tana aiki dare da rana, wani dare muna kwance sai muka ji ƙas daga falo. Da safe na tarar saman teburin ya tsage daga baki har kusan tsakiya, tsagar da kwabo zai shige. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san hannuna bai yi ha'inci ba. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya ya leƙo, ya durƙusa ya duba ƙarƙashin teburin, ya ce haɗin ba shi da laifi, katakon ne ban bar masa wurin motsi ba. Ya koma gida ya ɗauko min wata tsohuwar mujalla.

Yaya, abin da ke ciki mun san shi tun muna yara. Ƙofa ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, hunturu ya zo ka ga haske ta tsakanin alluna. Mu dai mukan ce halin katako ne, mu fere gefen mu wuce. Su kuwa sun zauna sun rubuta shi da lissafi: katako a faɗinsa yake kumbura ya tsuke, tsawonsa kusan ba ya canzawa, kuma katakon kayan ɗaki ana busar da shi a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya sauko zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Sai zane ya nuna yadda ake tsawaita ramin sukuro ya zama kamar ƙwayar wake, ko a yanka 'yan ƙananan katakai masu harshe su riƙe saman teburin, ya yi ta motsinsa ba tare da ya fashe ba. Daren nan na karanta shafukan sau uku. Na yi ta tuno tebura da kabad nawa aka dawo mana da su shago bayan hunturu, mai kaya yana faɗa, mu muna ba da haƙuri.

Ban yi gaggawar biyan kuɗi ba. Ɗakin karatu na gwamnatin gari kyauta ne, katin ma kyauta, kuma suna ajiye mujallu a kan kanta. Asabar huɗu na yi ina zuwa ina kwatanta su, abin da ban samu a can ba dattijon nan ya ara min.

Wadda ta fi suna ita ce Fine Woodworking. A 1975 ta fara fitowa daga garin Niyuton na jihar Konetikat. Kyan hotunanta kaɗai ya isa ya tsayar da kai. Akwai shafukan da masu karatu ke aiko hoton aikinsu, kujeru da akwatuna waɗanda za ka rantse ba hannu ne ya yi su ba. Amma tana magana ne da wanda ya riga ya ƙware kuma yana da lokaci da kuɗin katako mai tsada. Mutum zai yi wata uku a kan kujera ɗaya. Na ji daɗinta a ido, sai dai na san da wuya in yi abu ɗaya daga cikinta a shekarar farko. WOOD, wadda ta fara a 1984, ta fi ba da ƙarfi wajen gwada injuna da ƙananan ayyuka na ƙarshen mako, Popular Woodworking kuma tana tsaka-tsaki. Duk suna ɗauke da tallan injuna masu yawa, kuma injin nan ko na saya maka ba zai yi maka aiki kai tsaye ba, don wutarsu ta gida 120 ce, tamu 230.

Wadda ta kama ni ita ce Woodsmith. Wani mutum mai suna Don Peschke ya fara ta a 1979 a garin Dimoyin na jihar Ayowa, ta yi shekaru ba ta ɗaukar talla ko ɗaya, kuɗin masu karatu ne ke riƙe ta. Sau shida take fitowa a shekara. Abin da ya bambanta ta shi ne zane. In za a yi kabad, za ka ga an warware shi a takarda gunduwa-gunduwa, kowane yanki da harafinsa da awonsa, har inda harshe zai shiga rami. A ƙarshe sai a zana maka allunan da za ka saya, a nuna ta inda za ka yanka kowane yanki don kada katako ya tafi a banza. Ka tuna tulin guntayen da ke bayan shagonmu, waɗanda masu ƙosai ke zuwa kwasa? Rabinsu kuɗi ne da muka zubar saboda muna yanka da ka. Awon mujallar kuma da inci ne, irin wanda hannunmu ya saba da shi, ba sai ka tsaya juya milimita ba.

Ita na biya wa shekara ɗaya. Biyan ba wuya: ko ka cike ɗan katin da ke faɗowa daga cikin mujallar ka jefa a akwatin gidan waya, ko ka shiga intanet da katin banki. Kuɗin shekara ya fi sayen ɗai-ɗai a kanti sauƙi nesa ba kusa ba. Fitowar farko ta ɗauki makonni kafin ta iso, daga nan kuwa ma'aikacin gidan waya yake sako ta cikin akwatin ƙofar gida, ba ka bi kowa ba, ba ka ba kowa na goro ba. Wannan kam ina yi mana sha'awarsa. Abu ɗaya ne mutum zai kula da shi, da yawa daga masu sayar da mujallu a nan suna sabunta rajista da kansu in shekara ta cika. Ya taɓa faruwa da maman yara a kan wata mujallar girki, sai cirar kuɗi muka gani. Don haka na rubuta ranar a jikin bangon gareji.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Katako a bushe yake, a goge, awonsa ɗaya daga allo zuwa allo, gaskiya ne. Amma wanda suke kira tu-bai-fo in ka sa tef inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, sai ka sani kafin ka yi lissafi. Katako mai kyau kuma da wani ma'auni ake sayar da shi, ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, inci ɗaya kauri, ba ciniki ba ragi. Na ga dangin madacinmu a wani kanti, an kawo shi daga Afirka, kuɗin allo ɗaya ya sa na ajiye shi a hankali. A 'Yan Katako na Na'ibawa kai ne za ka juya allo goma ka zaɓi biyu, ku yi ciniki, in aljihu ya gaza a ce kawo in ka sayar. Babu mai yi maka haka a nan.

Kai kuwa ba Woodsmith na zaɓar maka ba, don kusan kowane aiki a cikinta ya ɗauka kana da zarton lantarki na tebur da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai wata ƙarama mai suna Mortise & Tenon, sunan haɗin nan ne da muke huda rami a ƙafar kujera mu fere kan ɗayan katakon ya shige. Joshua Klein ne ya kafa ta a jihar Men, ta fara fitowa a 2016, ba talla. Aikin hannu zalla ne. Sukan kifar da tsofaffin tebura da aka yi kafin zuwan injuna su ɗauki hoton ƙarƙashinsu, ka ga sawun zarto da na gatari yadda mai aikin ya bar su, don ya san ba wanda zai duba wurin. Da na gani sai da na tuna Baba da gizagonsa. Kowace fitowa kamar littafi take, a kauri da a kuɗi, shi ya sa guda biyu kawai na saya maka.

Suna cikin jakar da za a kawo maka bayan sallah, tare da Woodsmith guda uku da na gama da su da ɗan ma'aunin ruwan katako mai allura biyu. Ka soka shi a jikin allo kafin ka yanka, lamba za ta fito. Na zagaye shafin da ke bayanin saman tebur da jan biro, na rubuta bayanin da Hausa a gefe saboda yaran shago. In ka gwada ma'aunin a kan katakon da ke zuwa mana daga kudu, ka turo min lambar da ya nuna, da damina ɗaya, da hunturu ɗaya.

Naka ƙane.