Ziyarar Fadar Amboise, Inda Faransa Ta Tsare Amir Abdulƙadir

Na bi wani kamfanin yawon buɗe ido daga Paris zuwa fadar Amboise da ke bakin kogin Loire, domin in ga inda aka tsare Amir Abdulƙadir, jagoran ƙabilun Aljeriya da suka yi wa mamayar Faransa turjiya. Jagorarmu ta san aikinta, kuma ba ta rufa wa ƙasarta asiri ba. Ta bayyana cewa Amir ya miƙa wuya a watan Disamba na 1847 bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka, amma aka saɓa alkawarin, aka kulle shi a Toulon, sannan Pau, kafin a kawo shi nan a 1848. Wannan cin amana ya zubar wa Faransa da mutunci a idon Turai, har wani basaraken Ingila, Lord Londonderry, ya riƙa matsa wa Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, lamba. Louis-Napoléon ya zo fadar da kansa ya saki Amir a watan Oktoba na 1852.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne lambun da ke bayan fadar, inda aka jera duwatsu 25 domin tunawa da mutanen Amir da suka rasu a tsare, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Na tsaya na yi musu addu'a.

Ƙorafina ɗaya ne: kamfanin ya hanzarta mu komawa mota tun ban gama karanta rubutun da ke jikin duwatsun ba. Wanda zai je, ya nemi tafiyar yini guda cur.